Rubutu a Kan Katako da Injin CNC: Wace Hanya Ce Ba Ta Jirkita Haruffa?

Babu abin da ke ƙona ran mai sassaƙa da injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, kamar ya ga rubutu tsaf a fuskar kwamfuta, injin ya yi ta ruri awa guda, a share ƙura a tarar harafin O ya zama ƙwai, ƙafafun M sun rame, jelar y ta kutsa cikin maƙwabcinta. Katako ba takarda ba ne, abin da baki, wato ƙarfen yankan da ake ɗaura wa injin, ya ci ya ciwu. Da yawa injin suke ɗora wa laifi, wani lokacin kuma nasa ne. Amma a mafi yawan ayyukan da na ga sun lalace, tun kafin a kunna injin rubutun ya riga ya jirkice, a kan hanyarsa daga inda aka tsara shi zuwa manhajar da ke fitar da umarnin G-code da injin ke bi, wadda zan riƙa kira manhajar yanka.

Hanyoyi huɗu ne mutane ke bi. Ko su buga rubutun kai tsaye cikin manhajar yanka, ko su tsara shi a manhajar zane su mayar da shi zanen layi sannan su kwaso, ko su bi sawun hoto, ko kuma su ɗauki font, wato salon haruffa, mai layi ɗaya. Kowace tana da inda take ƙwarewa da inda take cizo.

Abin da za a auna su da shi

Ma'auni na farko, uban sauran, shi ne riƙe siffa. Wanda ya zana font ya auna kaurin kowace sanda ta harafi. A yawancin haruffan boko sandunan tsaye sun ɗan fi na kwance kauri, kuma da gangan aka yi haka, domin ido yana ƙara wa layin kwance kaurin da ba shi da shi. To idan ka kama gefe ɗaya ka matse rubutu zuwa kashi 70 cikin 100 na faɗinsa don ya shiga allo, sandar tsaye mai milimita 10 ta koma 7, ta kwance kuwa tana nan daram. Ka juya lissafin mai zanen ke nan, ko wanda bai san komai game da font ba zai ji a jikinsa cewa wani abu bai zauna ba.

A takarda abin ya tsaya iya nan. A katako yana da ƙari, musamman a sassaƙar baki mai tsini da ake kira V-carve, inda faɗin sanda ke yanke zurfinta. Baki mai digiri 90 a kusurwar tsininsa yana nutsewa rabin faɗin sanda. Mai digiri 60 yana nutsewa kusan kashi 87 cikin 100 na faɗin. Sandar milimita 10 ke nan za ta kai zurfin 8.7 da baki mai digiri 60, wadda aka matse ta koma 7 kuwa za ta tsaya a kusan 6.1. Inuwar da ke cikin ramin ita ce ke sa a karanta rubutun daga nesa, saboda haka duk jirkicewar faɗi sai ta haifi jirkicewar inuwa.

Sauran ma'aunan ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai kuɗi: na manhaja, na lasisin font, da na katakon da za a yi asara wajen gwaji. Akwai sauƙi. Akwai ɗorewa, ita kuma fuska biyu gare ta: fayil ɗin zai buɗu yadda ka bar shi bayan shekara biyu, kuma harafin da aka sassaƙa zai jure taɓi da shafa? Na ƙarshe shi ne haɗari, wato irin kuskuren da ba ya nuna kansa a kwamfuta sai baki ya shiga katako.

Hanya ta ɗaya: buga rubutu cikin manhajar yanka

VCarve da Aspire na kamfanin Vectric, Carveco wadda ta gaji ArtCAM bayan Autodesk ta daina sayar da ita a 2018, Carbide Create, Easel da ke aiki a burauza, da Fusion 360, duk suna da wurin buga rubutu. Ka zaɓi font, ka faɗi tsawon harafi da milimita, ka zaɓi baki, shi ke nan.

Ƙarfin wannan hanyar shi ne rubutun bai yi tafiya ba. Ba a fitar da shi daga wata manhaja an shigar da shi wata ba, don haka babu rikicin awo, babu lanƙwasar da ta karye. Layukan kowane harafi a rufe suke, abin da V-carve ke buƙata ke nan, domin ba ta iya lissafa zurfi a siffar da ke da ɓaraka. Idan mai aiki ya kira ya ce a canza suna, daƙiƙa kaɗan ne. Ga mai yin alluna da yawa masu tsari ɗaya da sunaye daban-daban, babu hanyar da ta kama ƙafarta.

Rauninta yana wajen iko a kan haruffa. Wasu manhajojin suna barinka ka gyara tazara tsakanin harafi da harafi, wasu kuwa tazarar jimla kawai suke bayarwa, sai ka ga A da V sun yi nesa da juna kamar masu gaba. Akwai kuma umarnin cusa rubutu cikin akwati. Idan ba ka lura ba, wasu saitunansa suna miƙe haruffa ko su matse su don su cika akwatin, irin matsin da aka yi bayani a sama, sai dai wannan karon manhaja ce ta yi maka ba ka sani ba. Ka duba ko yaushe cewa girman tsaye da na kwance a kulle suke tare.

Sai maganar haruffa masu lanƙwasa. Fonts da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ka buga su, manhaja ko dai ta bar gurbi, ko ta sa ɗan akwati, ko ta aro harafin daga wani font a ɓoye. Na ukun ya fi cutarwa domin ba ya ihu. Na taɓa sassaƙa allon ƙofa mai kalma biyu, ɗakin baƙi, sai da na shafa mai na lura ɗ da ƙ sun fi 'yan'uwansu siranta, ashe aro aka yi musu. Cire lanƙwasar kuma ba mafita ba ce, don baƙi da baki ba abu ɗaya ba ne. Noto Sans, Noto Serif, Charis SIL, Andika, Gentium da DejaVu Sans duk suna da waɗannan haruffan, kuma kyauta ne. Rubutun Larabci ma yana da nasa: wasu manhajojin yanka ba sa haɗa haruffan, ko su jera su daga hagu zuwa dama.

Ta fuskar kuɗi, nan ne tazara ta fi yawa. Carbide Create tana da sigar kyauta, haka F-Engrave kyauta ce kuma tana yin V-carve. VCarve da Aspire da Carveco na kuɗi ne, Aspire ta fi VCarve tsada sosai saboda aikin sassaƙa mai tudu da kwari da take yi, wanda mai rubutu kawai ba lallai ya buƙace shi ba. Wajen ɗorewar fayil kuwa akwai ɗan tarko: muddin rubutun yana nan a matsayin rubutu, yana dogara ne da font ɗin da ke kan kwamfutar. Ka kai fayil ɗin wata kwamfuta da ba ta da shi, ka taɓa rubutun, siffa ta canza.

Hanya ta biyu: tsara a manhajar zane, a mayar zanen layi

Nan ana amfani da Inkscape, ko Adobe Illustrator, ko CorelDRAW. Ka tsara rubutunka yadda ranka ke so, ka gyara tazara harafi bayan harafi, ka lanƙwasa shi a kan baka idan da bukata, sannan ka ba da umarnin da ke mayar da rubutu zanen layi. Daga lokacin ya daina zama rubutu, ya zama siffa mai gaɓoɓi, wato ɗigogin da layuka ke haɗuwa a kansu, da lanƙwasa, ba ruwansa da ko wani yana da font ɗin ko ba shi da shi. Sai ka adana shi a SVG ko DXF ko PDF ka shigar cikin manhajar yanka.

Wajen riƙe siffa, wannan ce ta fi kowace, idan an bi ta daidai. Ita ce kuma ta fi yawan ramuka a hanya. Bari mu bi su ɗaya-ɗaya, don a nan ake yawan faɗawa.

Ramin farko shi ne awo. Fayil ɗin SVG yakan auna abu da ɗigon fuska, manhajoji kuma ba su yi ittifaki a kan ɗigo nawa ne inci ɗaya ba. Illustrator tana lissafi da 72. Inkscape ta daɗe tana amfani da 90, sai a siga ta 0.92 da ta fito a 2017 ta koma 96. Sakamakon haka, rubutun da ka zana da faɗin milimita 300 a kan lissafin 72, idan aka karanta shi da 96, zai iso da 225. Wanda aka zana da 96 aka karanta da 72 zai iso da 400. Tsohon fayil mai lissafin 90 da aka buɗe da 96 zai koma kusan 281. A DXF kuma rikicin inci da milimita ne, inda zane ke girma ko ƙanƙancewa sau 25.4. Wannan duka bai jirkita siffa ba tukuna, domin tsaye da kwance tare suka canza. Jirkicewar tana zuwa ne lokacin da mutum ya ga girman bai yi ba ya kama gefe ya ja da hannu. Maganinsa mai arha ne: ka zana murabba'i mai milimita 100 a kowane gefe kusa da rubutun, ka fitar da su tare. Idan ya iso da 100, lafiya lau. Idan bai iso ba, ka zaɓi komai gaba ɗaya, ka kulle tsaye da kwance, ka buga adadin da hannu.

Rami na biyu shi ne karyewar lanƙwasa. Haruffan TrueType da OpenType an gina su ne da lanƙwasar Bézier, wadda take sumul ko a wane girma. Tsohon tsarin DXF na R12 bai san irin wannan lanƙwasar ba, don haka idan ka fitar da zane a cikinsa, sai a daddatsa kowace baka zuwa gajerun miƙaƙƙun layuka. Idan datsin ya yi kaɗan, O zai fito da kusurwoyi kamar an fere shi da wuƙa. Idan ya yi yawa, fayil ya cika da dubban gaɓoɓi, injin ya riƙa tafiya yana tuntuɓe, bakin kuma ya bar tabon ƙuna inda ya yi jinkiri. Matuƙar manhajar yankarka tana karɓar SVG ko PDF, su na fi so. In dole sai DXF, ka zaɓi sigar da ke riƙe lanƙwasa, ko ka sa manhajar yanka ta sake ɗinke gaɓoɓin su zama baka bayan an shigar.

Rami na uku yana cikin fonts masu kama da rubutun hannu, inda jelar harafi ke hawa kan na gaba. A fuskar kwamfuta duka baƙi ne, ba ka ganin haɗuwar. Amma layukan suna nan a ƙasa sun gitta juna, manhajar yanka kuma za ta ɗauki wurin gittawar a matsayin tsibirin da ba a yanka, sai ka ga ɗan katako ya tsaya a kowace mahaɗa. Dole a yi wa haruffan walda su zama siffa ɗaya kafin a fitar. A Inkscape umarnin Union ne, a manhajojin Vectric kuma Weld. Bayan waldar ka leƙa cikin e da a da o ka tabbata kogonsu bai toshe ba. Wasu sababbin fonts ma ko a harafi ɗaya sandunansu a gicciye suke, don haka ni ina yin waldar ko font ɗin ba na rubutun hannu ba ne.

Sai rubutu a kan baka, wanda mutane ke so a saman allo. Iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Akwai jera haruffa a kan lanƙwasa, inda kowane harafi ke riƙe siffarsa, juyawa kawai yake yi. Akwai kuma cusa rubutu cikin siffa, inda ake miƙa haruffan kansu su cika baka ko ganga. Na farkon ba ya jirkita komai sai tazara: a bakar da ta kumbura sama kawunan haruffa suna buɗewa, a wadda ta lotsa suna cunkushewa, sai ka gyara da hannu. Na biyun kuwa jirkitawa ce tsagwaronta. Tana iya yin kyau da font mai kauri ɗaya da manyan baƙaƙe, amma da font mai siraran ƙafafu garin neman gira ake rasa ido. Idan rubutu ya ƙi shiga wuri, ka nemi font ɗin da tun asali aka zana shi matsattse, ko ka raba rubutun layi biyu. Tun ran gini, tun ran zane.

Kuɗinta: Inkscape kyauta ce, Illustrator ana biya wata-wata ko shekara-shekara, CorelDRAW ma ta kuɗi ce. Koyonta yana cin lokaci fiye da hanya ta ɗaya. Fayil ɗin da aka mayar zanen layi yana ɗorewa, amma ba ya gyaruwa, ko harafi ɗaya ka kuskure sai ka koma baya. Shi ya sa ake ajiye kwafi biyu, ɗaya rubutu, ɗaya zane.

Hanya ta uku: bin sawun hoto

Mai aiki ya turo hoton tambarinsa a JPEG ko PNG ya ce haka yake so. Sai a sa manhaja ta bi gefen haruffan ta zana layi. Inkscape tana yin wannan da Potrace, manhajojin yanka da yawa ma suna da irinsa.

Ba zan ɓoye ba, ita ce ta ƙarshe a wurina. Hoto ɗigo-ɗigo ne, gefen harafi a cikinsa matakala ce, JPEG kuma yana ƙara dishi-dishi a kewayen baƙi. Manhaja ko ta bi matakalar ta fitar da layi mai karkarwa, ko ta goge ta ta cinye kusurwoyin da ya kamata su yi kaifi. Haruffa iri ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya: a na farkon kalma daban, na ƙarshenta daban. Idan kuma da waya aka ɗauki hoton allo daga gefe, karkacewar kusurwar kamara ta riga ta shiga ciki. Baki mai tsini ba ya rufa wa irin wannan asiri, duk ɗan karkarwar layi sai ya mayar da ita hawa da sauka a gindin rami.

Tana da amfani a wuri ɗaya: rubutun hannu na gaske, sa hannu, ko tsohon tambarin da babu font ɗinsa. A nan ka nemi hoto mafi girma da za a samu, baƙi a kan fari, wanda aka ɗauka da sikana, sannan ka zauna ka rage gaɓoɓi da hannu. Sau da yawa ya fi sauri ka sa hoton a ƙasa ka zana layin da kanka a kansa. Idan kuwa rubutun font ne na yau da kullum, ka gano sunansa ka sake bugawa. Ba ta cin kuɗin manhaja, lokaci da katako take ci.

Hanya ta huɗu: font mai layi ɗaya

Font na yau da kullum gefen harafi yake zanawa, ciki da waje. Idan ka ce baki ya bi wannan layin, harafi zai fito da layi biyu, a ƙaramin rubutu kuma layukan biyu su haɗe su zama kwaɓa. Font mai layi ɗaya ƙashin bayan harafin kawai yake zanawa, faɗin sanda kuma bakin ne da zurfinsa ke yanke shi. Sanannun su ne na Hershey, waɗanda Allen Hershey ya tsara wajen 1967 a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka don na'urorin zane na wancan zamani. Inkscape tana zuwa da su a ƙarƙashin Hershey Text, manhajojin Vectric ma suna da nasu.

Don ƙaramin rubutu, lamba, kwanan wata ko alamar awo a jikin kaya, babu kamarta. Tana da sauri domin baki sau ɗaya yake bi, kuma da wuya ta jirkice: ko ka ɗan matse ta, kaurin sanda ba ya canzawa tunda ba daga zane yake zuwa ba. Sai dai ba ta da ado. Kaurin ɗaya ne ko'ina, ƙarshen kowace sanda a dunƙule, zaɓin salo kuma kaɗan ne. Yawancinsu ba su da haruffa masu lanƙwasa, amma a nan gyaran da sauƙi, tunda lanƙwasar ɗan layi ɗaya ce da za ka ƙara a kan b ko d ko k. Abin da take tsoro shi ne katakon da fuskarsa ba ta baje ba, domin da baki mai tsini duk inda katako ya ɗan tasa layin zai yi kauri, inda ya lotsa ya rame ko ya ɓace.

| Hanya | Riƙe siffa | Kuɗi | Sauƙi | Gyara daga baya | Inda take cizo |
|---|---|---|---|---|---|
| Buga cikin manhajar yanka | Mai kyau | Daga kyauta zuwa tsada | Mafi sauƙi | Nan take | Aron harafi, matsi cikin akwati |
| Manhajar zane zuwa zanen layi | Mafi kyau | Akwai ta kyauta | Sai an koya | Sai da kwafin rubutu | Awo, karyewar baka, rashin walda |
| Bin sawun hoto | Mai rauni | Kyauta, amma tana cin lokaci | Farawa da sauƙi, gyara da wuya | Da wuya | Layi mai karkarwa, cinyayyun kusurwoyi |
| Font mai layi ɗaya | Mai kyau a ƙaramin rubutu | Galibi kyauta | Mai sauƙi | Mai sauƙi | Katakon da bai baje ba |

Bakin da za a ɗaura ma zaɓi ne

Ko ka bi hanya mafi tsabta, baki na iya ɓata maka aiki. Baki mai shafaffen ƙasa zagayayye ne, don haka ba ya iya yin kusurwar ciki mai kaifi. Mai faɗin milimita 6 zai bar baka mai milimita 3 a kowace kusurwa, kuma ba zai shiga sandar da ba ta kai 6 ba. Manhaja ba za ta yi maka gardama ba, tsallake wurin kawai za ta yi, sai ka ga siraran ƙafafun harafi sun ɓace. Sauka zuwa baki mai milimita 3.175 yana rage matsalar, amma yana ƙara lokaci da yiwuwar karyewa. Baki mai tsini ba shi da wannan matsalar, domin yana tasowa sama a kusurwa ya fitar da ita da tsininsa. Shi ya sa fonts masu ƙafafu da sanduna masu kauri da siranta suka fi dacewa da shi.

Shi ma da lissafinsa. Sanda mai faɗin milimita 25 da baki mai digiri 60 tana neman zurfin kusan 21.7, katako mai kaurin 18 kuwa zai huje. Da mai digiri 90 zurfin 12.5 ne. Don manyan haruffa ko dai ka ɗauki faffaɗan baki, ko ka sa iyakar zurfi, a share tsakiyar da shafaffen baki, mai tsini ya gyara gefe. Don ƙananan haruffa kuwa mai digiri 60 ko 30 ya fi, domin mai 90 ɗan karce kawai zai yi, sanfefa ta share shi.

Sifirin sama, wato inda inji ke fara lissafin zurfi, shi ma a kula da shi. Da baki mai digiri 90, kuskuren rabin milimita a zurfi yana ƙara wa kowace sanda milimita guda a faɗi. Da mai digiri 60 ƙarin kusan 0.6 ne. A babban allo ba a gani, a harafi mai tsawon milimita 15 kuwa ya isa ya toshe kogon e. Haka idan ka gaya wa manhaja baki digiri 60 ne alhali na 90 ka ɗaura, duk haruffa za su kumbura su shiga juna. Ka baje fuskar katako kafin rubutu, ka ɗauki sifiri daga saman katakon ba daga teburin inji ba.

In kana zargin injin kansa, gwajin minti biyar ne: yanka da'ira da murabba'i a guntun katako ka auna. Idan murabba'in ya fi tsawo ta gefe ɗaya, lissafin takun motar inji na wannan ɓangaren ne bai daidaita ba. Idan da'irar tana da ɗan tsalle a inda inji ke juya alkibla, bel ya saki ko wani noti yana wasa. Wannan ba laifin font ba ne, kuma kada ka gyara shi ta hanyar miƙa zane.

Katakon ma yana da ta cewa. MDF, wato allon da ake matsewa daga garin katako, yana ba da gefe mai tsabta tunda ba shi da jijiya, amma ba ya son ruwa. Katako mai taushi yana yin gashi a gefen harafi, mai tauri da matsattsiyar jijiya shi ke riƙe siraran layuka. Haruffan da aka bari a tsaye aka share kewayensu sun fi saurin gutsurewa, musamman ɗigon i da lanƙwasar ƙ, inda jijiya ta zo gajeriya. Idan irinsu kake so, zaɓi font mai kauri, ka bi gefensu da baki mai tsini don gindinsu ya fi samansu faɗi.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Wanda ya sayi inji jiya, ko mai yin allunan suna da lambobin gida da yawa a rana, ya tsaya a hanya ta ɗaya. Ya zaɓi fonts uku ko huɗu da ya gwada, ya tabbata suna da duk haruffan da yake buƙata, ya kulle girma, ya duba hoton gwajin da manhaja ke nunawa kafin yanka, ya kusanto da shi sosai a kan mafi ƙanƙantar harafi.

Mai yin alluna na musamman, inda tazara da baka da haɗa salo biyu ke da muhimmanci, ko mai rubutun Larabci da ke buƙatar haɗin haruffa ya fito daidai, hanya ta biyu ce tasa. Haka wanda yake tsara zane a wuri ɗaya yana aika wa mai inji a wani wuri, domin zanen layi ne kawai zai isa yadda ya tashi. Ya riƙa haɗawa da murabba'in awo, ya kuma rubuta faɗi da tsawon aikin a cikin saƙon.

Wanda aka kawo wa sa hannun mahaifi ko tsohon tambari a takarda, ba shi da zaɓi sai ta uku, amma ya sa lokacin gyaran gaɓoɓi cikin lissafin aikinsa tun farko, ya kuma nuna wa mai aikin gwaji a guntun katako kafin ya taɓa na gaske.

Mai rubuta lamba, kwanan wata ko sunan mai sana'a a bayan kaya, inda harafi bai wuce milimita 10 zuwa 12 ba, ya ɗauki font mai layi ɗaya da baki mai digiri 60 ko ƙasa da haka. Idan kuma allo ɗaya yana da babban take a sama da ƙaramin bayani a ƙasa, babu abin da ya hana a haɗa biyu: taken daga manhajar zane da V-carve, bayanin da layi ɗaya, kowanne da umarnin yankansa, a fara da ƙaramin rubutun tun bakin yana da kaifi.